Alhaji Alhassan Ɗantata, Falke a Majalisar Sarkin Kano

Cikin mutanen da suka zauna majalisar Sarkin Kano a zamanin En'e, kusan kowa da sarautarsa ya shiga, ko da malantarsa, ko kuwa da aikin da ya gāda. Amma akwai dattijo guda wanda ya shiga ba shi da rawanin sarauta, bai taɓa riƙon ƙasa ba, bai kuma taɓa zama alkali ba. Abin da ya kai shi kurum shi ne sanin kasuwa da riƙon amana. Wannan dattijo shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata. Yawancin masu ba da labarinsa kan tsaya ga yawan dukiyarsa, su ƙidaya raƙuma da buhuna, su tashi. Mu kuwa nufinmu mu bi hanyar da ya biyo har ya isa wannan majalisa, sa'an nan mu duba abin da zamansa cikinta ya ke nunawa game da mulkin birni da haƙƙin mutanen ƙauye.

An haifi Alhassan a Bebeji, kudu da birnin Kano, wajen shekarar 1877. Iyayensa Agalawa ne, watau wata zuriya ta fatake wadda ta shahara da safarar goro daga Gwanja. Sunan ubansa Abdullahi, madugu ne, uwarsa kuwa ana ce mata Amarya, ita ma mai fatauci ce ta ƙashin kanta. Alhassan bai wuce shekara takwas ba ubansa ya rasu. Da aka raba gādo uwar ta tashi ta tafi Ankara, babban birnin ƙasar da yanzu a ke kira Gana, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Ita ce ta rene shi, daga gare ta kuma ya sami sunan da duniya ta san shi da shi, Ɗantata.

Ya yi karatun allo a Bebeji bisa al'adar almajirai, yana karatu yana neman abin da zai ci. Tun a nan ya koyi tattali, ya saba da ajiye kaɗan daga duk abin da ya samu. Da ya tasa ya bi ayari ya tafi wurin uwarsa a Ankara. Ba ta riƙe shi a gida ta shagwaɓa shi ba, sai ta sa shi wurin wani malami ya ƙara karatu, ya ci gaba da neman na kansa. Daga baya ya komo Bebeji.

Komowarsa ta yi daidai da mugun zamani. Cikin 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi kuwa suka ƙi, suka fita suka kafa sansani a Takai. Wannan shi ne yaƙin Basasa, wanda bai ƙare ba sai cikin 1895, bayan Aliyu Babba ya shiga birni, an kuma kashe Tukur. Agalawan Bebeji suna gefen Tukur, saboda haka da aka ci su da yaƙi aka kama da yawa daga cikinsu aka bautar. Alhassan yana cikin waɗanda aka kama, shi da waɗansu 'yan'uwansa, sai daga baya ya fanshi kansa. Ya kamata mu riƙe wannan a zuciya, gama mutumin da za mu gani zaune a majalisar Sarki bayan shekara hamsin da 'yan kai, ya taɓa ɗanɗana abin da rikicin masu sarauta kan jawo wa talaka.

Da ya sami kansa sai ya koma sana'ar iyayensa. A zamanin nan ayarin goro kan yi watanni a hanya, da jakuna da 'yan alaro, ana biyan fito da kuɗin hanya gari gari, ana tsoron 'yan fashi, goro kuwa ɗanyen kaya ne, kullum sai an kwance an zaɓe an yayyafa ruwa. Bayan Turawa sun ci Kano cikin 1903 hanyar kudu ta buɗe. Alhassan yana cikin fataken Arewa na fari da suka gane cewa teku ta fi tudu sauri. Ya riƙa bi ta Badun zuwa Ikko, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ankara da Sekondi, ya kai har Kumasi, ya ɗauko goro ya komo ta wannan hanya. Ya haɗa kuma da duwatsun wuya da tufafin Turai. Kafin wani ya je Gwanja ta tudu ya komo sau ɗaya, shi ya yi sawu da dama, jarinsa na juyawa.

Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, cikin 1912 aka buɗe ta ga ciniki. Turawa sun yi zaton auduga za su riƙa ɗauka su kai masaƙun Ingila, sai al'amari ya juya. A Turai an gano dabarar daskarar da man gyada a mai da shi kamar man shanu, saboda haka kuɗinta ya tashi. Manoman ƙasar Kano suka yi lissafi suka ga gyada ta fi musu riba, ga shi tana son ƙasa mai rairayi, ga harawa don dabbobi, in kuma yunwa ta zo ana iya cinta, ba kamar auduga ba. Gyadar da aka fitar daga Nijeriya cikin 1912 ba ta kai ton 3,000 ba, amma cikin 1913 ta wuce ton 19,000.

Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, ba su san wanda za su ba kuɗi ya komo ba. Dole suka nemi manyan fataken goro, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Alhassan Ɗantata, waɗanda tun dā su ke da yara da masu masauki ko'ina. Alhassan ya riga ya tare a birni, ya kafa gida a unguwar Sarari. Wajen 1918 ya zama mai saya wa kamfanin Neja gyada, wanda cikin 1929 ya narke cikin babban kamfanin U.A.C. Yadda cinikin ke tafiya shi ne, kamfani ya ba attajiri kuɗi da haja tun kafin kaka, attajiri ya rarraba wa yaransa, su kuma su rarraba wa ƙananan masu saye a ƙauyuka, har abin ya kai ga manomi. Galibi ba takarda ba shaida, amana kaɗai ke riƙe da wannan doguwar igiya, in ta tsinke a wuri guda kowa ya yi hasara. Alhassan ya yi fice ne don kuɗin da aka ba shi kan komo da gyada cif, shi kuma ya iya zaɓen mutanen da zai ba amana. Kafin a jima ya wuce dukan abokan sana'arsa.

Bayan yaƙin duniya na fari ya tafi aikin Hajji ta jirgin ruwa, a lokacin da yawancin alhazanmu kan tafi da ƙafa ta Barno da Sudan, su yi shekaru kafin su komo. Ana ba da labari cewa cikin 1929 ya kai ajiya banki a Kano, kuɗin azurfa kayan raƙuma 20, ya kuma ƙi karɓar ruwa a kan ajiyarsa domin tsare addini. An san shi da sauƙin ci da sauƙin sutura, da zama cin abinci tare da yaransa, da kuma biya wa mutane kuɗin Hajji.

To, a nan ya kamata mu bar birni kaɗan mu leƙa gabas, domin mu ga inda wannan arziki ya ke fitowa. Hanyar jirgin da ta tashi daga Kano ta bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori ta kai Nguru cikin 1930. A lokacin Taura tana cikin Lardin Kano, ƙarƙashin Sarkin Kano. Da jirgi ya ratsa, tashoshin nan suka zama wuraren awon gyada. Da kaka manomin ƙasar Taura kan tuge gyadarsa, mata su ɓare ko su sussuka a turmi, a ɗura a buhu, a aza wa jaki ko takarkari a kai sikeli. Kuɗin da ya karɓa bai cika kwana a hannunsa ba, gama da kaka ne a ke karɓar haraji. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika Baitulmali a birni. Can a ke raba shi, Gwamnati ta ɗauki nata, En'e ta riƙe nata, da fari rabi da rabi, daga baya aka ƙara wa En'e. Da haraji da jangalin Fulani Baitulmalin Kano ya zama mafi girma cikin dukan baitulmalan En'e na Nijeriya.

Da wannan kuɗi aka yi manyan ayyukan birni a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gadon sarauta cikin 1926. Aka gina asibitin birni kusa da Ƙofar Mata, wanda yanzu a ke kira da sunan Murtala Muhammad. Aka jawo ruwa daga kogin Calawa, injuna na tura shi zuwa babban tanki a kan Goron Dutse, daga can ya gangaro cikin famfuna, aka kuma haɗa da wutar lantarki, aka buɗe aikin cikin 1931. Kafin wannan mutanen birni ruwan rijiya da na kududdufi su ke sha. Aka sake gina babban masallacin Jumma'a, aka buɗe shi cikin 1951. Ban da waɗannan akwai makarantu, da 'yan doka, da gidan yari, da duba-gari, da ma'aikatar gine-gine da hanyoyi, duk a hannun En'e.

Majalisar Sarki ita ce kan dukan waɗannan ayyuka, kowane babban ɗan majalisa da sashin da ya ke kula da shi. Waziri yana kan al'amarin shari'a da alkalai, Madaki yana kan hakimai da ƙasashensu, Galadima yana riƙe da birni da ma'aikatunsa, Ma'aji kuwa yana tsare da Baitulmali. Su kan zauna da Sarki su yanke shawara, sa'an nan a gana da Razdan. Tsari ne mai kyau, har Turawa kan kawo baƙi daga waɗansu ƙasashe su gani. Amma yana da giɓi babba. Bisa doka Sarki shi kaɗai ne hukuma, 'yan majalisa masu ba da shawara ne kurum, kuma cikinsu babu manomi, babu ɗan kasuwa, babu mai sana'ar hannu. Waɗanda guminsu ke cika Baitulmali ba su da baki kan yadda za a kashe abin da ke ciki. Mutumin Taura ya biya kuɗin famfon birni, shi kuwa yana nan yana jan guga.

Shekarun da suka biyo bayan 1929 sun nuna illar wannan giɓi. Kasuwar duniya ta faɗi, kuɗin gyada ya zube, kamfanoni suka haɗa baki kan farashin da za su saya, amma lokacin haraji bai fasa zuwa ba. Bayan yaƙin duniya na biyu kuwa gyada ta yi yawa har jirgi ya kasa kwashewa, aka shiga jera buhuna ana tayar da su sama kamar duwatsu, su ne dalar gyada da aka gani a Kano wajen Ƙofar Mazugal, da Malam Madori, da waɗansu wurare. Ana jingina wannan dabara ga Alhassan Ɗantata, a kan ce kuma dala guda takan ci buhu 15,000. Cikin 1949 aka kafa hukumar cinikin gyada, ita ke yanka farashi kowace shekara, tana ajiye rarar da ta samu. Ashe ke nan al'amarin da ya fi kome taɓa aljihun talakan Kano ana yanke shi ne a wuraren da talaka ba ya shiga.

Shekarar 1950 ita ce shekarar da murya ta tashi. Ran 8 ga Agusta waɗansu samari suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, suna neman 'yancin talakawa, daga baya Malam Aminu Kano ya zama shugabanta. Cikin wannan wata kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, yana nuna cewa an bar talakawa a baya, ba a shawara da su. Gwamnati ta sa aka yi bincike. Cikin 1952 aka soke dokar da ta mai da Sarki shi kaɗai hukuma, aka ce Sarki zai yi mulki ne tare da majalisarsa, cikin 1954 kuma aka yi sabuwar dokar En'e ta Jihar Arewa.

A farkon wannan guguwa, wajen 1950, Sarki Abdullahi Bayero ya shigar da Alhaji Alhassan cikin majalisarsa. Yana da shekara saba'in da 'yan kai. Abin da ya shigo da shi ba irin wanda sauran 'yan majalisa ke da shi ba ne. Hakimi ya san ƙasarsa ta wajen littafin haraji da bakin dagatai, Alhassan kuwa ya san ta ta wajen sikeli. Kafin takardar hakimi ta iso birni, yaransa sun riga sun gaya masa inda damina ta yi kyau da inda fari ya taɓa, da abin da buhu ke ci a kowace tasha, da wahalar da ƙananan 'yan kasuwa ke sha wajen neman jari. Ya san kuma halin kamfanonin Turawa da na Kwara ciki da bai, don ya yi shekara talatin yana ciniki da su.

Abin da ya sa gaba a waɗannan shekaru shi ne 'yan ƙasa su sami ƙafar tsayawa cikin ciniki da sana'a. Yana cikin manyan attajiran da suka haɗa jari suka kafa kamfanin da a ke kira Kano Citizens Trading Company, wanda ya buɗe masaƙar zamani a Gwammaja, domin birnin da ya shahara da saƙa da rini tun zamanin dā kada ya zama mai sayen tufafin waje kurum. Shi kansa a ƙarshen rayuwarsa ya sami lasin na sayar wa hukumar gyada kai tsaye, ba sai ta hannun wani kamfanin Turawa ba, abin da a dā kusan baƙi kaɗai ke da shi. Da aka shiga siyasar jam'iyyu ya bi NPC, jam'iyyar da sarakuna da manyan En'e suka runguma.

Ba mu so mu ƙara wa wannan kujera girman da ba ta da shi. Kujera ɗaya ce, naɗi ne ba zaɓe ba, wanda aka ba kuwa shi ne mafi arziki a ƙasar. Masu neman sauyi na lokacin suna ganin cewa attajiri daban, talaka daban, wanda ke sayen gyada ba lalle ne ya yi magana da bakin wanda ke noma ta ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka shigarsa ta tabbatar da abu guda wanda ba a sake janye shi ba, watau mutum na iya zama inda a ke shawarar gari saboda abin da ya sani da yadda jama'a suka yarda da shi, ko da bai gāji sarauta ba. Ƙofar da aka buɗe kaɗan a zamaninsa ita ce aka yi ta faɗaɗawa, aka shigo da zaɓaɓɓun wakilai cikin majalisun gari da na gunduma, har cikin 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e. Cikin 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, da hedkwata a Dutse, Taura kuma tana da ƙaramar hukumarta da kansilolinta, cikin masarautar Ringim.

Shekarunsa na majalisa ba su yi yawa ba, amma masu nauyi ne. Ya ga tarzomar da ta auku a Kano cikin Mayu 1953, ya ga rasuwar Sarki Abdullahi Bayero a ƙarshen wannan shekara, da hawan ɗansa Muhammadu Sanusi. Cikin 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ji jiki ya yi nauyi sai ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su zauna lafiya da juna, kada su bari kamfanin da ya kafa ya watse. Ya rasu ran 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. A lokacin ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma.

Zuriyarsa ta riƙe wasiyya. Ahmadu ya shugabanci kamfanin har ya rasu cikin 1960. Sanusi ya zama babban mai sayen gyada da harkar motoci. Mahmudu yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai wadda wurin nan na Fagge da a ke kira Wapa ya samo suna daga gare ta. Aminu, wanda ya rasu cikin 2025, ya riƙe kamfanin bayan Ahmadu, ya kuma zama kwamishina a Jihar Kano zamanin Gwamna Audu Bako, watau ya bi sawun ubansa wajen haɗa kasuwa da aikin jama'a. Alhaji Aliko Ɗangote kuwa tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Dalar gyada ta shuɗe tun cikin shekarun 1970, bayan fari da ciwon gyada da zuwan kuɗin man fetur. En'e ma ta shuɗe. Amma tambayar da zamanin Alhassan ya tayar tana nan, kuma ta shafi duk wanda za a ba kujera a majalisar gari ko a damƙa masa wata ma'aikata: shin ya san hannun da kuɗin nan ya fito, ya san gonar da aka yi gumi a kanta? Alhassan ya sani, domin ya bi hanyar da ƙafarsa, tun yana maraya a Bebeji, da bawa a hannun mayaƙa, da falke a kan hanyar Gwanja. Ya sami kujera ne bayan mutane sun jarraba amanarsa shekara da shekaru sun same ta ba ta da ɓaraka. Wanda ya ke so a ba shi riƙon jama'a, ya fara da riƙon sulen da aka ba shi ajiya.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya gafarta masa, ya ba ƙasarmu 'yan majalisa masu sanin halin talakawa da tsoron Allah, amin.